Jinin Baba Za a Fara Gwadawa, Ba Naki Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 25, a Agege aka haife ni kuma a nan muke zaune. Babanmu dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, shekarunsa 49. Yau kusan shekara uku ke nan jikinsa yana wani irin motsi da ba shi ya sa ba. Kafaɗa ta zabura, yatsu su yi ta rawa, tafiyarsa ta koma tangaɗi, har wasu a kasuwa suna raɗe-raɗin ko ya fara shaye-shaye. Mutumin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, yanzu abu kaɗan sai faɗa. Haka mahaifiyarsa ta yi kafin ta rasu a ƙauye, haka yayansa ma ya yi har ya rasu, a lokacin aka ce iska ce. Mamanmu kuwa ta kafe a kan amaryar Baba ce ta yi masa sammu.

Da muka kai shi asibiti, likita ya ce yana zargin cutar Huntington, ya ce ana gadonta, kuma akwai gwajin jini da ke tabbatarwa. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. An sa ranar aurena bayan babbar Sallah. Na samu wani ɗakin gwaji a intanet, sun ce in zo da kuɗi su ɗebi jinina su aika waje, a duba mini duk cututtukan gado a lokaci guda. Ina so in je a ɓoye. In sakamako ya yi kyau in ja bakina in yi shiru, in bai yi ba, ban san yadda zan yi ba. Ina kuma so in haɗa da ƙannena biyu, mai shekara 14 da mai 9. Mun yi jinotayif da wanda zan aura, ni AA shi AS, wata ƙawata ta ce wannan ya wadatar. Anti, in je? Kuma dole ne sai na faɗa masa?

'Yarki daga Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba sauƙi, ya jiƙan kakarki da baffanki. Kayan da kika ɗauka ke kaɗai sun yi miki nauyi, ga biki na matsowa, ga gida ya rabu biyu. Bari in ba ki amsa a dunƙule sannan in warware ta. Kada ki je wannan gwajin a ɓoye, kuma kada ki kai yaran nan ko kusa. Jinin da ya kamata a fara ɗauka na Baba ne. Wanda zai aure ki kuwa ya cancanci ya ji labarin ciwon nan daga bakinki kafin a shafa fatiha, ko kin yi gwaji ko ba ki yi ba.

Abin da likita ya ba ku zargi ne, kuma zargi mai ƙarfi, ba zan ɓoye miki ba. Uwa da 'ya'yanta biyu, duk da motsi iri ɗaya da canjin hali a tsakiyar shekaru, wannan sawun ciwon gado ne. Amma cututtukan da ke sa jiki rawa suna da yawa, kuma suna kama da juna har ƙwararren likita ba koyaushe yake raba su da ido ba. Wasu ma ba na gado ba ne: akwai magungunan taɓin hankali da na tsayar da amai da ke kawo wannan motsi in an daɗe ana sha, haka sukari in ya hau ƙwarai, haka ƙaramin bugun jini a ƙwaƙwalwa. Akwai cutar Wilson, wadda sinadarin jan ƙarfe ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Ita tana da magani, an fi ganinta a gidajen da ake auren zumunci, kuma gwajin jini da na fitsari da duban ido suna nuna ta. Labarinku bai yi kama da ita sosai ba, amma likita mai lura ba ya tsallake abin da ake iya warkarwa.

Ga wanda ya fi damuna a kanki. A 2001 masu bincike sun gano wata cuta da suka sa wa suna HDL2. Alamunta da na Huntington kusan babu bambanci, ana gadonta ta hanya ɗaya, amma matsalar tana cikin wata ƙwayar gado dabam, mai suna JPH3, a kuromosom na 16 (kuromosom su ne ƙunshi-ƙunshin da ƙwayoyin gado suke jere a cikinsu, kowanne da lambarsa), alhali ta Huntington tana na 4. Kusan duk waɗanda aka samu da ita baƙar fata ne ko masu tsatson Afirka, kuma a Afirka ta Kudu aka fi samunta. Ban da ita, akwai cututtukan tangaɗi na gado da ake kira ataksiya, sun haura iri 40, ɗaya daga cikinsu mai lamba 17 takan zo da irin wannan rawar jiki. To, ki ɗauka kin je an gwada ki Huntington, takarda ta fito ta ce babu, kin yi sujadar godiya kin shiga ɗakinki, ashe ciwon gidanku HDL2 ne. Takardar ba ta yi ƙarya ba, amma kin biya kuɗi an amsa miki tambayar da ba ita ce taku ba. Gwajin mai lafiya ba ya da ma'ana sai an san ainihin abin da ke jikin marar lafiyan gidan. Shi ya sa likitocin wannan fanni suke farawa da wanda ciwon ya riga ya bayyana a jikinsa.

Kuna Legas, wannan ma wata rahama ce. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da ke Idi-Araba, yana da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da suka ƙware a kan cututtukan motsin jiki. A can Farfesa Njideka Okubadejo take, wadda ta yi jagoranci a binciken da aka wallafa a 2023 da ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 mai ƙara haɗarin cutar Parkinson, mai sa rawar jiki, a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, kuma akasarin jinin da aka yi aikin da shi na 'yan Najeriya ne. LASUTH da ke Ikeja, wanda ya fi kusa da ku, shi ma yana da sashen jijiyoyi. Ku roƙi likitan da ya ga Baba ya rubuta muku takardar turawa. Ranar zuwa, ku zuba duk maganin da yake sha a leda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku tafi da shi. Ki ɗauki bidiyonsa a waya, da saninsa, yana tafiya a tsakar gida, yana shan shayi, yana zaune yana hira. Masu wannan ciwo sukan rufa wa kansu asiri a gaban baƙo: hannu ya zabura sai mutum ya mayar da shi gyaran hula, ko ya danne shi a ƙarƙashin cinya. Likita zai ce Baba ya fito da harshensa ya riƙe shi a waje, ya ce ya matse masa yatsu biyu ya ji ko riƙon yana saki yana kamawa. Kada Baba ya ɗauka raini ne, aikin ke nan. Kuma jininsa nasa ne, sai an yi masa bayani ya amince za a ɗiba.

Kafin wannan rana akwai aikin da babu na'urar da za ta yi muku. Ki samu takarda, ki kira gwaggonki ko wata tsohuwa da ta san zuri'ar Baba ciki da bai, ki rubuta: wa ya haifi wa, wa ya yi irin wannan ciwo, yana ɗan shekara nawa ya fara, yana ɗan nawa ya rasu. Ki tambaya har da wanda aka ce ya haukace, da wanda ya bar gida ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, da wanda ya rasu da ƙuruciya. Wannan takarda ita za ta nuna wa likita gwajin da zai nema. Ita ce kuma za ta yi wa Mama magana fiye da duk gardamar da za ki yi da ita. Kakarki ta yi ciwon nan tun amaryar Baba ba ta shigo gidan ba, baffanki ma ba ita ta aura ba. Ki ajiye wa Mama wannan a hankali, ba a gaban kowa ba, ki bar ta ta juya shi a ranta. Zargin sammu a kan baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba alhaki ne, kuma nan gaba jinyar Baba sai ta buƙaci hannun matan nan biyu.

Yanzu ga yadda gwajin yake, don kada a ruɗe ki da manyan kalmomi. A 1872 wani matashin likita a Amurka, George Huntington, ya rubuta bayanin ciwon. Babansa da kakansa likitoci ne da suka yi ta duba gidaje iri ɗaya, don haka ya ga yadda yake bin zuri'a, ya kuma lura cewa ɗan da ciwon ya tsallake, nasa 'ya'yan da jikokin sun kuɓuta. Aka shafe fiye da shekara ɗari ba a san inda matsalar take ba. Sai a 1983 James Gusella da Nancy Wexler da abokan aikinsu, da jinin wasu manyan dangi masunta na bakin tafkin Marakaibo a Benezuwela, suka gano tana kan kuromosom na 4. Gwajin wancan lokaci sai an tara jinin dangi da yawa, kuma ƙiyasi kawai yake bayarwa. A 1993 aka kama ƙwayar kanta, HTT, daga nan jinin mutum ɗaya ya isa. Abin da ya sauƙaƙa aikin wata dabara ce da Kary Mullis ya ƙirƙiro a shekarun 1980, PCR, wadda ke ɗaukar ɗan guntun DNA, wato zaren da bayanin gado yake rubuce a kansa, ta kwafe shi sau miliyoyi har a iya auna shi. Ita ce dai aka yi ta gwajin korona da ita.

A cikin ƙwayar HTT akwai wurin da uku daga cikin haruffan da aka rubuta DNA da su, C da A da G, suke maimaita kansu. Kowa yana da wannan maimaici, ni da ke da likitan. Ƙirga shi gwajin yake yi. Daga 26 zuwa ƙasa lafiya lau. Daga 27 zuwa 35 mutum ba zai yi ciwon ba, amma adadin yana iya ƙaruwa a jikin 'ya'yansa. Daga 36 zuwa 39 yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa, ko ya zo a tsufa. Daga 40 zuwa sama, in rai ya yi tsawo, ciwon zai zo. Yawanci yana farawa tsakanin shekara 30 da 50, kuma gwargwadon tsawon maimaicin gwargwadon saurin zuwansa, amma lambar ba ta faɗin shekarar da zai fara wa mutum. Mutum biyu masu 42, ɗaya ya fara yana ɗan arba'in, ɗaya sai ya haura sittin. In ta wajen uba aka gada, maimaicin ya fi saurin ƙaruwa, shi ya sa wani lokaci ɗa kan riga shekarun da uban ya fara. Kin ga ke nan sakamakon ba koyaushe yake zuwa da "eh" ko "a'a" ba. Mai 37 da aka miƙa wa takarda a kan kanta, babu mai yi masa bayani, ya fita da ruɗanin da ya fi wanda ya shigo da shi.

Ƙawarki ta yi kuskure, kuma ba ita kaɗai ba. Jinotayif ɗin da muka sani, wanda Jihar Kano ta sa a dokar gwajin kafin aure a 2024, nau'in sinadarin jan jini kaɗai yake dubawa saboda sikila. AA ɗinki ta raba 'ya'yanku da sikila, alhamdu lillahi, iyakarta ke nan. Hanyar gadon ma ta bambanta. Sikila sai uwa da uba sun haɗu sun bayar. Huntington daga ɓangare ɗaya ta isa, don haka lafiyar jinin mijinki ba ta rufe komai a nan.

Su kuma masu cewa za su duba miki duk cututtukan gado a lokaci guda, ki yi hattara da su. Gaskiya ne fasaha ta yi nisa. Aikin karanta DNA ɗin ɗan Adam na farko ya ci daga 1990 zuwa 2003, yau na'ura tana karanta na mutum cikin 'yan kwanaki, kuma a jini ɗaya ana iya duba ƙwayoyin gado ɗaruruwa. Sai dai yawancin waɗannan na'urori yanka DNA suke yi gutsi-gutsi, kowane guntu haruffa ɗari da wani abu, su karanta, kwamfuta ta harhaɗa. Ki ba tela atamfa mai zane ɗaya da ke ta maimaituwa, wadda aka yayyanka ƙyalle-ƙyalle, ki ce ya faɗa miki yadi nawa ce tun asali: zai ga zanen sarai, amma tsawon zai ɓace masa. Haka dogon maimaici yake kuɓuce wa irin wannan gwaji, sai an ƙara masa manhaja ta musamman ko an yi gwajin ƙirga maimaicin shi kaɗai. Wannan ne ya sa wasu cututtukan tangaɗi suka daɗe a ɓoye, ta ƙwayar gado mai suna RFC1 sai a 2019 aka gano ta. Sabbin na'urori masu karanta dogon zare a tafi ɗaya sun fara toshe wannan giɓi, amma ba kowane ɗakin gwaji ke da su ba. Na tofa miyau a kwalba da ake talla a intanet don sanin asalin kakanni kuwa, ba sa ƙirga wannan maimaici sam. Gwajin da ya fi tsada da faɗi yana iya zama shi ne bai dace da ku ba. Likitan jijiyoyi ne zai rubuta abin da za a nema, kuma kafin ku biya ko kwabo ku tambaya: za a rubuto adadin CAG da lamba? In Huntington ta fito babu, za a ci gaba da HDL2 a jinin nan ko sai an sake biya? Wace ƙasa za a aika? Wa zai zauna ya yi mana bayani? A rubuta muku farashi da amsoshin a takarda.

Mu ɗauka an tabbatar wa Baba. Kowane ɗa nasa, mace ko namiji, na ɗakin Mama ko na ɗakin amarya, yana da kashi 50 cikin 100 na gadon ƙwayar. Kowa da nasa rabon, na wani ba ya rage na wani. Gida mai 'ya'ya takwas ana iya samun biyu, ana iya samun shida. Kama da Baba a fuska ko a hali ba ta nuna komai. Ki kuma riƙe ɗaya rabin da kyau, domin tsoro yana sa a manta da shi: daidai wa daida ne ki kasance ba ki ɗauko ba, kuma in haka ne, 'ya'yanki da jikokinki sun fita ke nan.

A nan ne maganar gwajinki za ta taso, kuma ke kaɗai ke da ikon yanke ta, ba Mama ba, ba saurayi ba, ba ni ba. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana hana ciwon zuwa ga wanda ya gaji ƙwayar. Sikila in an sani ana canza shawara, hawan jini in an sani ana shan magani, wannan kuwa sani ne da za ki zauna da shi shekaru, kuma in ya shiga kunne ba ya fita. Saboda haka tun 1994 ƙungiyoyin likitocin jijiyoyi da na iyalan masu ciwon na duniya suka shimfiɗa ƙa'ida: a zauna da mai neman gwaji fiye da sau ɗaya kafin a ɗebi jini, a ba shi lokaci ya yi tunani, a duba ko yana cikin damuwa mai tsanani, ya zo da wani amintacce, a faɗa masa sakamako ido da ido, ba ta waya ko WhatsApp ba, kuma yana da damar fasawa ko da takardar ta iso. A ƙasashen da gwajin yake a sauƙaƙe ma, mafi yawan masu wannan haɗari ba sa yi. Nancy Wexler da na ambata, ciwon ne ya kashe mahaifiyarta, da hannunta aka kai ga gwajin, amma ta zaɓi kada ta yi shi. Sai a 2020, tana da shekara 74, ta bayyana wa duniya cewa ciwon ya kama ta. Wasu kuma sun yi sun ce rashin sanin ya fi cin ransu, sanin ya ba su damar tsara haihuwa da sana'a da ajiya. Duka biyun masu hankali ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne shirin da kika zo da shi. Kin tanadi abin da za ki yi in takarda ta yi kyau, ba ki tanadi komai ba in ta zo da 43. Ki hango kanki kin fito daga wurin, ke kaɗai, a cikin danfo, ambulan a jaka, saura 'yan makonni biki, babu wanda ya san inda kika je. Wa za ki kira? Yarinyar da ba ta barci ba ta cikin halin karɓar wannan labari. Ki fara gaya wa likitan Baba halin da kike ciki, ki nemi a haɗa ki da mai ba da shawara kan cututtukan gado ko likitan ƙwaƙwalwa. In kuma kofi ya suɓuce miki, ko fatar ido ta yi rawa, kada ki ce ga shi ya fara. Gajiya da fargaba suna yin haka ga kowa.

Ƙannenki kuwa, ƙa'idar nan ta hana gwada yaron da bai kai 18 ba matuƙar ba ya nuna alama, kuma na ga hikimarta. Babu maganin da za a fara ba shi, babu abincin da zai kare shi. Abin da zai canza shi ne idon da ake kallonsa da shi: a ƙi kashe kuɗin makarantarsa, a yi ta tausaya masa, ya yi rashin ji irin na yara a ce ciwon ne. Kin ƙwace masa zaɓin da ke kike da shi yanzu. In yaro ya fara taurin jiki, ko farfaɗiya, ko karatunsa ya zube ba dalili, wannan maganar asibiti ce, a kai shi.

Sai wanda zai aure ki. Na san abin da kike tsoro, kuma ba zan ce miki ba zai faru ba. Yana iya janyewa, ko shi ya tsaya danginsa su ƙi. Amma ki duba ɗaya hanyar. Surukinsa ne Baba, zai zo gaisuwa, zai ga ciwon yana ƙaruwa shekara bayan shekara, wata rana wani likita ko wani ɗan uwa zai faɗi sunan ciwon a gabansa, ya buɗe waya ya karanta. Ranar zai tambaye ki tun yaushe kika sani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yata, kuma 'ya'yan da ake magana a kansu nasa ne kamar yadda suke naki. Aibobin da littattafan fiƙihunmu na Malikiyya suka lissafa a babin mayar da aure cututtuka ne da ke jikin mutum, ke kuwa lafiyarki ƙalau, wannan ki tambayi malamin da kika amince da shi ya yi miki bayani. Ni maganar amana nake yi. Ki jira sakamakon Baba in zai fito kafin biki, don ki yi magana da tabbas. In ba zai fito ba, ki faɗi abin da ke akwai: ga abin da likita ke zargi, ga abin da yake nufi a kaina, ban yi gwaji ba tukuna. Ki fara da shi kaɗai, ki roƙe shi ya riƙe sirrin mahaifinki, ki gayyace shi ya bi ku asibiti ya yi tambayoyinsa da bakinsa. In ana buƙatar lokaci, ɗaga biki ba a kanki aka fara ba. In kuma ya ce sai kin yi gwaji zai aure ki, yana da ikon faɗin sharaɗinsa, ke ma kina da ikon ƙin karɓar labarin rayuwarki don cika wa wani sharaɗi a kan ƙurarren lokaci.

Ku sani kuma akwai hanyar haihuwa da ke tsallake ciwon. Tun 1990 a Landan aka fara gwada ɗan tayi kafin a dasa shi: a haɗa ƙwan mata da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a ɗebi 'yan ƙwayoyi daga kowane tayi a duba, a mayar mata da wanda bai ɗauko ba. Akwai ma salon da ake yi ba tare da an sanar da uwar ko ita tana ɗauke da ƙwayar ba. Legas tana da asibitocin dashen ciki, amma aikin yana da tsada ƙwarai, yana da wahala a jikin mace, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba. Malamai da yawa sun halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa, ku kai musu taku mas'alar dalla-dalla. Na faɗa miki ne don in maganar 'ya'ya ta taso tsakaninku, ku san ƙofar ba a rufe take ruf ba.

In Mama ko wani babba ya ce wannan bincike shiga hurumin Allah ne, ki tuna masa da Sayyidina Umar, da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da za a tsayar shi ne zubar da jarin albasa wajen masu alkawarin cire abu daga jikinsa. Ki kula da bakinki kuma: a Legas ɗin nan, in aka ce gwajin DNA, hankalin mutane wajen shakkar uba yake tafiya. Ki ce gwajin gano ciwon Baba, kada Mama ta ji kamar ana tuhumarta. Sakamako in ya fito sirri ne, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan ƙwayoyin gado da na lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Zangonmu ƙarami ne, maganar da aka yi a Agege da safe takan kwana a Kano, kuma kuna da 'yan mata a bayanki.

Kada tsoron gobe ya ɗauke hankalinku daga mutumin da ke fama yau. Rashin maganin warkewa ba ya nufin babu abin yi. Akwai magungunan rage motsin, kamar tetrabenazine da wasu da suka fi shi sauƙin samu a nan, likita ne zai zaɓa, domin wasunsu suna ƙara baƙin ciki. Faɗan nan da yake yi daga ƙwaƙwalwa yake, ciwon yana taɓa hali da tunani tun kafin motsi ya yi yawa, kuma ana ba da magani a samu sauƙi. In kun ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, kada ku ce maganar ɓacin rai ce, ku kai shi asibiti a ranar, domin masu wannan ciwo sun fi sauran jama'a haɗarin hallaka kansu. Ya daina tuƙi da hawa babur. A sa wani ɗa ko yaron shago amintacce kusa da lissafin kuɗi, cikin girmamawa, ba a ƙwace masa kasuwa rana ɗaya ba, fita da ganin mutane suna riƙe shi. Jikin da ba ya hutawa yana ƙone abinci, za ku ga yana ci yana ramewa, don haka a ƙara masa: kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono, ƙwai, wake, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ya ci a zaune tsaf, ba hira, ba gaggawa. In ya fara sarƙewa da ruwa ko yawan tari wajen cin abinci, a gaya wa likita da wuri, domin abincin da ke bin hanyar iska ya sauka a huhu shi ne babban abin da ke kwantar da su. Ciwon yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 daga farawarsa, saboda haka maganar wasiyya da basussuka da wanda zai tsaya wa gida gara a yi ta yanzu da bakinsa yake fita sarai.

Akwai kuma 'ya'yan marigayi baffanki da ke ƙauye, da na duk wani ɗan kakarki. In ciwon Baba ya tabbata, su ma abin ya shafe su, kuma suna da hakkin su san sunan abin da ya kashe mahaifinsu, ko don su daina bin masu cire iska. Wannan saƙo ba ke za ki kai ba. Da izinin Baba, a samu babba ɗaya a dangi mai riƙe magana, a ba shi kwafin takardar likita, ya je ya same su, manyan cikinsu kaɗai, ya faɗa musu asibitin koyarwa mafi kusa da su.